Kawu Mai Lagireto

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Laraba da hantsi Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, wanda duk Sabon Birni ta sani da Baba Mai Lagireto. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin tashar mota ta taso ta dawo ƙofar gida ba sai a kwanakin zaman makokinsa. Direbobi suka jera motoci tun daga bakin zaure har kwanar masallaci, 'yan kabu-kabu suka cika ɗan filin da ya rage. Wani tsohon direba ɗan Turba, wanda idonsa ya fara rauni har ya bar tuƙi, ya zauna kusa da ni a tabarma. Can ya ce, "Malam, makanikai ba su ƙare ba. Amma wa za ya hwaɗa muna gaskiya yanzu?" Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce a kan iyaka ya ji labarin, sai ya bar kayansa wurin abokin tafiya ya hau babur ya taho. A cikin gida kuwa wata dattijuwa ta zo tun daga Isa, ba dangin iya ba na baba, ta zauna cikin mata tana share hawaye da gefen mayafi.

A rana ta uku Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Kai ka iya biro. Ka rubuta wani abu bisa yayana, kada jikokinai su tashi su ɗauka tsohon ƙarhe kaɗai ya bari." Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ni malamin firamare ne, ban san komai a kan inji ba sai abin da na tsinta a inuwar Kawu. Wurin aikinsa gindin wani dogon yaro ne a bayan tasha: benci ɗaya, akwatin kayan aiki, murhun gawayi na narkar da dalma, da durom biyu na ruwa. Yakan yi sauran gyare-gyare, amma abin da ya yi suna a kai shi ne zafin inji. In mota tana tafasa, ko tana shanye ruwa, ko allurar zafi da ke gaban direba ta rikice, kowa ya san inda za a tura ta.

A hannunsa na dama akwai tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Tun yana saurayi ya same shi, ranar da ya buɗe murfin lagireto injin yana kan tafasa. Ba ya ɓoye tabon. In direba ya shigo a gaggauce ya kai hannu ga murfi, Kawu ba ya tsawa, hannun riga kawai yake naɗewa ya nuna masa, ya ce, "Ni na riga na biya maka. Zamna ta huce."

Kuma sai an zauna ɗin. Kafin ya ɗaga bonet sai ya gama tambaya. Yaushe take zafi, a kan gudu ko a tsaye? Da kaya ko babu kaya? Ruwan yana raguwa? In ta kwana, akwai jiƙa a ƙarƙashinta? Direbobi masu sauri sukan ƙosa, shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce mai motar ya riga ya san rabin cutar, bai dai san ya sani ba.

Na ga aikinsa da idona lokacin da na sayi motata ta farko, wata 'yar Kwatano da ta sha hannu kafin ta iso gare ni. Ban yi shawara da shi ba, don ina tsoron ya hana ni. Sati biyu ina jin daɗinta, sai rannan ina dawowa daga makaranta na ga allura ta haye har cikin ja. Na tsaya, na jira, na sake tayarwa, allura tana nan a ja. Kunya ta hana ni zuwa wurin Kawu, sai na kai ta wani gareji. Mai garejin ya leƙa ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone, sai an sauke kan injin. Da yamma na je gidan Kawu na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da maganar.

Bai yi mini gori ba. Ya ce, "Ka ga hayaƙin ruwa?"

Na ce ban gani ba.

"Ruwan ya ragu?"

"Bai ragu ba, Kawu."

"To, kada ka tashe ta gobe. Za ni taho in same ta yadda ta kwana."

Da safe ya zo da ƙafa. Ya ce in murɗa makulli kawai, kada in tayar da inji. Ina murɗawa allura ta yi tsalle ta faɗa ja. Ya ɗora tafin hannuna a kan injin, sanyi ƙalau kamar randa. Ya ce, "Malam, injin da ya kwana bai yi aiki ba, ina ya samo zahi?" Ya zare wayar da ke kan ɗan ƙarfen da ke auna zafin ruwa a jikin inji, wanda suke kira sansa. Allura ba ta sauko ba. Ya ce ke nan laifin ba na sansa ba ne, yana can tsakaninta da allura. Ya bi wayar da yatsa a hankali, har ya kai inda ta goge ta bare tana taɓa ƙarfen inji. Ya naɗe wurin da salatif, ya ɗaure wayar nesa da ƙarfe, ya mayar. Muka tayar, allura ta taso sannu a hankali ta tsaya tsakiya. Shekara huɗu na yi da motar nan ba a taɓa buɗe injinta ba.

Da Iya, matarsa, ta kawo mana koko daga baya a gidansa, ya faɗa mini maganar da na ji ya maimaita wa mutane da yawa. Ya ce allura 'yar aike ce. Wani lokaci gaskiya ta kawo, wani lokaci an ruɗe ta a hanya. Wanda ya yarda da ita ido rufe zai yi hasara, wanda ya raina ta kuma zai fi shi hasara.

Yana da ɗabi'un da mutane ke yi wa dariya har sai sun ga amfaninsu. Durom ɗin nan biyu ruwan sama ne a ciki, wanda yake tarewa da damina daga indararo, ya tace da ƙyalle. Ba ya yarda a zuba wa mota ruwan gulbi ko na rijiya mai gishiri-gishiri, ya ce shi ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. In yana zargin toshewa, sai ya kashe inji ya bi fuskar lagireton da bayan hannu, sama da ƙasa. Inda ya ji sanyi alhali gefensa da zafi, nan ruwa ba ya wucewa.

Akwai kuma maganar tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama sannan ya buɗe masa hanya. Yawancin makanikai da sun ga 'yar Kwatano sai su cire shi su jefar, su ce an yi shi ne don ƙasar sanyi. Kawu ba ya cirewa sai ya gwada. Yakan ɗaure shi da waya ya tsoma cikin tafasasshen ruwa, in ya buɗe baki lafiyarsa lau, in ya ƙi to shi ne mai laifi, a sa wani. Shekaru ya yi yana wannan gwaji a tukunyar Iya, har ta gaji ta ware masa wata tsohuwar tukunya ta ce in ta sake jin warin tsatsa a miyarta, shi da tuwon gidan nan sai kallo. Yakan ba da labarin nan yana dariya har da tari.

Amma ba kullum gaskiyar Kawu ke zuwa da dariya ba. Akwai shekarar da ta kusa raba shi da 'yarsa ta fari.

Mijinta dillalin motoci ne, mutum mai fara'a da kyauta. Wani magidanci daga ƙauye ya sayar da shanun nomansa yana son ya sayi mota ya riƙa jigila tsakanin Sabon Birni da Isa. Ya ga wata a hannun surukin Kawu, ya ce ba zai saya ba sai Baba Mai Lagireto ya duba. Surukin ya ji daɗi, yana ganin ai gida aka zo. Ranar Asabar ce, ina zaune a bencin.

Kawu ya sa aka zaga gari da motar, aka dawo, allura tana kwance a ƙasa ba ta motsa ba. Mai saye ya ce, "Ka gani Baba, ko ɗumi ba ta yi." Kawu ya ce motar da ta zaga gari da tsakar rana ba ta yi ɗumi ba, ai ba mota ba ce. Ya leƙa ya tarar an zare wayar sansa an cusa ta bayan wani tiyo. Ya goga bakinta a jikin inji, allura ta yi tsalle, alamar ita lafiyarta lau. Ya mayar da wayar wurinta. Ya bari injin ya huce sarai, ya cika lagireto, ya bar murfin a buɗe, ya ce a tayar. Nan take ruwa ya fara ɓulɓulo da kumfa, ba ƙaƙƙautawa. Ya buɗe murfin baƙin mai, sai ga ƙasansa ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa.

Surukin ya matso, ya rage murya, amma na ji shi. Ya ce, "Baba, ka ruhwa min asiri."

Kawu bai rage tasa muryar ba. Ya ce, "Asirin da za ya tone tsakiyar daji, da mata da yara cikin mota?" Ya juya ga mai saye ya ce, "Gasket ya ƙone, ruwa da mai sun haɗe. In ka ɗauki mutane cikin motar ga, ba ka kai rabin hanya."

Duk wanda ya san hanyoyinmu a shekarun nan ya san abin da maganar take nufi. A da, in mota ta tsaya a daji, wahala ce kawai da ƙishirwa. Yanzu direba ba ya son ko tayarsa ta yi faci a wasu wurare, don bai san wa zai fito daga cikin ciyawa ba.

Surukin ya rantse cewa haka ya sayo ta, ba shi ya zare wayar ba. Kawu ya ce, "Ban ce kai ne ba. Amma yanzu ka sani." Ciniki ya watse a gaban jama'a. Surukin ya tafi ko sallama babu.

Daga ranar ya daina zuwa gaisuwa. 'Yar Kawu ma ƙafarta ta ɗauke, ba don ta so ba. Azumi ya zo ya wuce, Sallah ta zo, jikoki ba su shigo da sababbin kaya ba. Iya ta tsare Kawu a tsakar gida ina nan, ta ce, "Kai kaɗai ka san gaskiya? Ba ka iya jan yaron ga gehe ka yi mishi magana? Dole sai gaban 'yan tasha?" Na ɗauka zai yi faɗa. Iya ta koma bakin murhu. Sannan ya ce, "Maganar dai ban yi kuskure ba. Wurin hwaɗinta na yi kuskure."

Bayan kwana biyu ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya nufi gidan surukin. A wajenmu babba ba ya taka ƙafa ya je ba surukinsa haƙuri, kuma shi ma bai ba da haƙuri da baki ba. Motar tana nan a ƙofar gida ƙura ta rufe ta, tun da babu wanda zai saye ta bayan abin da ya faru. Ya yi sallama, ya ce a miƙo masa makulli. Ya shimfiɗa buhu, ya fara kwance kan injin. Surukin ya fito ya tsaya yana kallo. Can ya tuɓe babbar riga ya durƙusa yana miƙa masa sifana. Aka kai kan injin Sakkwato aka daidaita fuskarsa, aka dawo da shi, Kawu ya sa sabon gasket, ya wanke lagireto, ya sa sabon murfi. Duk kwanakin nan 'yarsa ce ke fito masa da fura da kanta. Da aka gama ya ce wa surukin, "Yanzu ka sayar da ita, ka ce ni na gyara." Ranar jana'izar Kawu surukin nan ne ya fara sauka cikin kabari ya karɓe shi.

Dattijuwar Isa kuwa, wadda ba mu san ta ba, Iya ce ta gane ta, kuma daga bakinsu su biyu na haɗa labarin. Shekarun baya, lokacin da zama ya gagara a ƙauyensu da ke yankin Tsamaye, ta kwaso surukarta da jikoki da ɗan hatsin da suka iya ɗauka, suka shiga wata tsohuwar mota za su wurin ɗanta a Isa. Da ƙyar motar ta kawo su Sabon Birni, tana huci tana zubar da ruwa. Kawu ya tarar lagireto ya tsage, fanka kuma ba ta juyawa saboda fis ya ƙone. Ya sauke lagireton ya liƙe da dalma, ya canja fis. Sai ya ga allurar motar ta mutu murus, ko an goga waya a ƙarfe ba ta motsi, kuma babu irinta a kasuwa ranar. Direban ya ce ba komai, zai lallaɓa. Kawu ya dubi yaran da ke zaune a kan buhuna, ya dubi rana, ya cika jarka biyu daga durom ɗinsa. Ya ce wa wanda ke gaba ya matsa. "Yau ni ne allurarku."

Ya zauna kusa da direba, gilashi a sauke, yana sauraren injin yana shaƙar iskar da ke fitowa daga gaba. Dattijuwar ta ce ko sau ɗaya bai yi hira ba. Sai da suka shiga wani gari mai jama'a sannan ya ce a tsaya, ya jira injin ya huce, ya ƙara ruwa kaɗan, suka ci gaba. Ya kai su har ƙofar gidan ɗanta, ya ƙi ko zama ya ci abinci, ya koma tasha ya hau motar haya ya dawo kafin la'asar. Iya ta ce ranar ta yi masa faɗan da ba ta taɓa yi ba, ta ce tsoho da shi zai kai kansa hanyar da samari ke gudu. Amsar da ya ba ta ita ce, dalmarsa ce a jikin motar, in ta saki a hanya shi ya kamata ya kasance a wurin.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, likita ya ce ya bar aiki. Ya bar zuwa gindin dogon yaro, amma motoci ba su bar zuwa ƙofar gidansa ba. Iya takan kore su, shi kuma in ya ji ƙarar inji sai ya ce a tambayi mai ita me ke damunta.

Ranar Litinin, kwana biyu kafin rasuwarsa, na je gaishe shi bayan an tashi makaranta. Na tarar wani direban da ke ɗaukar kaya zuwa Nijar yana roƙon Iya a zaure. Kawu ya ji, ya ce mu fito da shi. Ni da surukinsa muka tallabo shi muka zaunar a kujera a bakin zaure. Ba ya iya miƙewa ya leƙa inji, don haka ya ce direban ya zama hannunsa.

"Tashe ta, ka bari allura ta hau." Muka jira. "To, kashe. Taɓa tiyon sama, a hankali."

"Da zahi, Baba."

"Na ƙasa hwa?"

Direban ya sunkuya ya taɓa. "Wanga da sanyi."

"Hwanka ta juya?"

"Ta juya."

"Ruwan bai kewayawa. Tamostat ya ƙi buɗewa. Ka sa a sa maka sabo, kada ka bari su jehwar su bar wurin wayam."

Direban ya yi godiya ya tafi. Muka mayar da Kawu ɗaki, ya kwanta yana haki, ya rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, har na miƙe za ni fita. Sai na ji ya kamo gefen rigata.

"Malam, na yi mantuwa. Ban ce mishi ya hidda iska ba."

Na ce, "Kawu, ai makanikin da zai sa masa ya sani."

"In bai sani ba hwa? In iska ta zamna ciki, allura na iya nuna lahiya inji na ƙonewa. Gobe za ya kama hanya. Tahi ka same shi."

Na hau kabu-kabu na tafi tasha. Sai da na zaga gareji uku kafin na same shi, an riga an kwance tiyo. Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni: in an cika ruwa a bar murfi a buɗe, inji yana aiki, har kumfar iska ta gama fita, a ƙara ruwa, sannan a rufe. Direban ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baba ya aiko ka don wannan?" Na ce shi ya aiko ni.

Da na dawo, Iya tana yi masa fifita. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Ka same shi?"

"Na same shi, Kawu. Na tsaya har aka yi a gabana."

Ya ce, "To, madalla." Ya gyara kwanciya ya juya fuskarsa gabas. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da shi.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanyaya masa makwanci. Allah Ya ba Iya da Inna da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.